Bashi a Bayan Kanta: Yadda Rikicin Kuɗi Ke Rikiɗewa Ya Zama Shari'ar Laifi

A manyan ofisoshin 'yan sanda na biranen Arewa, cikin waɗanda ke tsare a bayan kanta da wuya a rasa wanda bai yi sata ba, bai daki kowa ba, bai kuma fasa shagon kowa ba. Kaya ya karɓa bashi kasuwa ta juya masa baya, ko kuɗin haya ya gagare shi, ko ya kwashi adashi ya kasa ci gaba da zubi. Mai kuɗin ya yi sintiri har ya gaji, ya haɗa shi da iyayensa, ya kai shi gaban shugaban kasuwa, babu abin da ya fito. Daga ƙarshe sai wani ya ba shi shawara: "Alhaji, kai shi caji ofis kawai. Kwana ɗaya zai yi a ciki kuɗinka su fito." Sau da yawa kuwa kuɗin kan fito, domin 'yan uwa za su sayar da abin da suke da shi su ceto nasu. Wannan ne ya sa al'adar ta ƙi mutuwa, duk da cewa doka ta hana ta ƙarara.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 8, ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don wata taƙaddama wadda ba ta laifi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hakan a sashe na 32. Dokokin biyu sun kuma hana kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uba ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya fito. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Sama da su duka akwai sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana 2 idan babu.

Manyan kotuna ma sun sha faɗa. A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan kasuwa da 'yan sanda suka ɗauko daga Kano zuwa Abuja saboda kuɗin da wani otel ke binsa, ta ce karɓo bashi ba ya cikin aikin ɗan sanda. A 2018 Kotun Ƙoli ta faɗa wa hukumar EFCC irin wannan magana. Hukunce-hukuncen suna nan a kundi, lauyoyi sun haddace su, amma yawancin 'yan kasuwar da abin ya shafa ba su taɓa jin labarinsu ba.

Yadda ake canza wa bashi riga

Mu ɗauki misalin da duk ɗan Kantin Kwari ya san irinsa. Dila ya bai wa wani abokin cinikinsa bandir-bandir na shadda, aka ba da wani abu a hannu, sauran sai an sayar. Abin da ke rubuce a littafin shago bai wuce suna da adadin kaya da kalmar "saura" ba. Babu sa hannu, babu ranar biya, babu shaida sai yaron shago da ya ɗora kayan a kura. Wata shida suka wuce, waya ta daina shiga. Da dilan ya je caji ofis ya ce bashi yake bi, wanda ya san aikinsa zai ce masa ya nufi kotu. Saboda haka ba a rubuta bashi. Abin da ke hawa takardar ƙorafi shi ne "cin amana da zamba cikin aminci".

Waɗannan laifuka ne na gaske. Suna cikin kundin Final Kod na Arewa na 1959, cin amana a sashe na 311 da 312, zamba daga sashe na 320, kuma jihohin da suka sabunta kundinsu ba su cire su ba. Sai dai kowannensu yana da sharaɗi. Cin amana yana tabbata ne idan an damƙa wa mutum dukiyar wani don ya ajiye ko ya yi wani aiki da ita, shi kuma ya karkatar da ita da gangan. Wanda aka sayar wa kaya bashi kuwa, kayan sun zama nasa tun ranar ciniki, kuɗi kawai ake binsa. Zamba kuma sai an nuna cewa tun farko da niyyar yaudara ya zo, kamar ya sayar da filin da ba nasa ba, ko ya nuna takardar bogi aka ba shi kaya. Wanda ya shekara biyar yana karɓa yana biya, a na shida gobara ko faɗuwar farashi ta karya shi, ba ɗan damfara ba ne. Inda bashi ke taɓa laifi kai tsaye shi ne cekin banki: dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara ga wanda ya ba da ceki aka je aka tarar babu kuɗi a asusun, in dai ba shi da wani dalilin zaton za a biya.

Abin da ke biyo bayan kamu kusan iri ɗaya ne ko'ina. A ajiye mutum har dare ya yi, a kira 'yan uwansa, a kawo takarda ya sa hannu cewa zai biya kaza a rana kaza. A bango an rubuta cewa beli kyauta ne, amma waɗanda suka taɓa zuwa belin wani sun san yadda ake fita. Shi kansa mai ƙarar ba ya tsira: kuɗin mota, kuɗin fayil, sannan kason da ake yanka daga duk abin da aka karɓo masa. Idan ba a daidaita ba, a rubuta rahoton farko a kai gaban majistare, a karanta tuhuma, a sa sharuɗɗan beli. Wanda bai cika su a ranar ba sai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, ya shiga sahun masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya. Shagonsa yana rufe, abokan cinikinsa sun watse, iyalinsa sun koma cin bashi. Ta ina zai biya?

Akwai kuma abin da masu kai ƙara ba su cika sani ba sai ya faɗo musu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa Babbar Kotu neman haƙƙinsa a ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, ya haɗa da 'yan sandan da wanda ya turo su. Tsarin Mulki ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Mai bin bashin Naira dubu ɗari biyar yana iya wayar gari an ce ya biya abin da ya fi haka.

Me ya sa ake gudun kotu

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan mai bin bashi. Mutum ne da guminsa ke hannun wani, wataƙila shi ma wani dilan ke binsa. Ya ga maƙwabcinsa ya shigar da ƙara tun ɗansa na goye, yaron ya shiga firamare ba a gama ba. Yau lauya ya tafi wata kotun, gobe ba a kai sammaci ba, jibi alƙali yana taro. Idan aka canza wa alƙali wurin aiki ana tsakiyar sauraron shaidu, galibi sai a koma farko. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, sama da wata biyu ƙofofi a garƙame a faɗin ƙasa.

Jinkirin nan kuɗi ne tsagwaronsa. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Ɗan kasuwar da ya ba da kayan waje bashi kafin wannan lokaci, aka biya shi bayansa, ko rabin kayan ba zai mayar ba. Mai taurin bashi ya san haka, shi ya sa wasunsu da ka ce za ka kai su kotu sai su ce a je.

Dattawa suna tuna lokacin da alƙali kan ji ƙara da safe ya yanke kafin azahar. Kotunan alƙalai na zamanin En'e suna da nasu aibin, musamman yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan adawa, kuma yana cikin abin da ya sa gwamnatin soja ta karɓe su daga hannun sarakuna da dokar 1967, suka koma kotunan yanki. Daga shekarar 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, da dama daga jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci sun mayar da su kotunan shari'a. Har yau nan ne talaka ya fi kai kukansa, kuma nan ne ya kamata mai bin bashi ya fara sanin yadda abubuwa ke tafiya.

A gaban alƙali

Shigar da ƙara a kotun shari'a ba ya buƙatar lauya ko Turanci. Mutum zai je wurin magatakarda ya faɗi wanda yake ƙara da abin da yake nema, ya biya kuɗin ƙara, ya karɓi rasit. Rasit ɗin nan a riƙe shi da kyau, kuma duk kuɗin da aka nema babu rasit a tambayi na mene ne. Daga nan ma'aikacin kotu ya kai sammaci. Yawancin jinkirin farko a nan yake, domin in ba a tabbatar sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara ba, duk abin da aka gina a kai yana iya rushewa a sama.

Ranar zama, benci cike, mata gefe maza gefe, magatakarda ya kira suna. Alƙali zai ce wa mai ƙara ya faɗi da'awarsa, kuma a nan mutane da yawa ke fara yin tuntuɓe. "Allah ya gafarta malam, kuɗina ne a hannunsa masu yawa, ya daɗe yana yi mini yawo da hankali." Wannan ba da'awa ba ce da za a gina hukunci a kanta. Ana so a ji nawa ne, na mene ne, yaushe aka bayar, yaushe aka yi za a biya. Sai a juya ga wanda ake ƙara. In ya amsa, magana ta ƙare, domin iƙirari ya fi kowace shaida ƙarfi. In ya ce ya karɓa amma ya biya, nauyin kawo hujja ya koma kansa. In ya musanta gaba ɗaya, mai ƙara ne zai kawo shaidu.

Kotunan nan da mazhabar Malikiyya suke aiki, littattafan da ke kan teburin alƙali su ne irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa ta Ibn Asim. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Wanda ake ƙara yana da damar sukar shaidun, ya nuna cewa wannan ɗan mai ƙara ne, wancan yana da amfani a cikin kuɗin, ko akwai gaba a tsakaninsu. Shi ya sa yaron shago shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Idan babu shaida ko ɗaya, rantsuwa ta koma kan wanda ya musanta. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ya tafi abinsa. In ya noƙe, a mayar wa mai ƙara ya rantse ya karɓi haƙƙinsa. Duk wanda ya taɓa ganin wannan lokaci ya san nauyinsa. Akwai masu musu da ƙarfi tun safe waɗanda da an ɗauko Littafin sai su ce a ba su lokaci za su biya.

Kafin hukunci akwai i'izari: alƙali ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana ko wata hujja. Manyan kotuna sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi. Sannan shari'a ta bambanta mai ƙin biya da wanda ba shi da shi. Mawadacin da ke ɓoye dukiya ana iya matsa masa har da tsarewa bisa umarnin alƙali. Wanda aka tabbatar ya karye kuwa, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara masa har ya samu. Wannan tantancewa ita ce ba a yi a caji ofis, inda mai gaskiya da mayaudari ke kwana a ɗaki ɗaya.

Wani rami da ke cinye shekaru shi ne ɗaukaka ƙara. Galibi kwana 30 ake bayarwa, kuma sai an nemi kwafin shari'a. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da ya fito daga kotun shari'a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zai nufa. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya lissafa huruminta: aure da saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Manyan kotunan tarayya sun sha rushe hukuncinta a rikicin ciniki ko na mallakar fili saboda rashin hurumi, bayan mutane sun gama kashe kuɗi da lokaci. A wannan gaɓa kam, ko an yi shari'ar farko babu lauya, a nemi shawararsa kafin a taka.

Kotun kwana sittin

Akwai wata ƙofa da aka buɗe musamman don irin wannan matsala, wato kotun ƙananan basussuka. Legas ce ta fara a 2018, Kano ta biyo baya, wasu jihohi suka bi sahu. Majistarori ne ke zama a cikinta, kuma da aka fara an sa iyakar abin da za a nema a Naira miliyan 5. Sharaɗinta shi ne kuɗin su zama sanannen adadi. Mai ƙara zai fara aika takardar neman biya ya jira kwana 14. In shiru, ya cike fom, a kai sammaci, wanda ake ƙara ya ba da amsa cikin 'yan kwanaki. An taƙaita ɗage zama, mutum yana iya tsaya wa kansa, kuma an tsara a gama komai cikin kwana 60 daga ranar shigar da ƙara. Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan Kwari da ɗan Sabon Gari, duk ta ɗauke su.

Tsari ne mai kyau, kuma abin takaici ne yadda labarinsa bai kai kasuwa ba. Ka tambayi masu shaguna a Singa ko Dawanau, za ka sami waɗanda suka san lambar wayar jami'in 'yan sanda fiye da waɗanda suka san akwai wannan kotu.

Samun hukunci kuma ba shi ne samun kuɗi ba. Idan wanda aka kayar ya ƙi biya, sai an koma neman zartarwa: kotu ta ba da umarni a kama kayansa a yi gwanjonsu, ko ta umarci bankinsa ya fitar da kuɗin daga asusunsa. Wannan hanya ta biyu tana da sauri ga wanda ya san bankin da abokin shari'arsa ke ajiya. Mai hankali tun ranar ciniki yake lura da wannan.

Takarda

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka al'ummar da ke karanta ta kullum ita ce ke jin nauyin cewa a rubuta. "Haba ɗan uwa, ba ka yarda da ni ba ne?" Da wannan tambaya aka rufe bakin mutane da yawa, kuma mata sun fi kowa shan wahalarta. Mace ta sayar da gadonta ko sarƙarta ta bai wa miji ko yayanta ya juya, a cikin ɗaki, babu na uku. Ranar da zama ya ɓaci ya ce kyauta ce, ko magada su ce ba su san zancen ba. Uwar adashi tana riƙe da kuɗin mata ashirin a ƙwaƙwalwarta da wani ɗan littafi da ita kaɗai ke gane rubutunsa. Irin waɗannan ƙararraki suna cika kotunan shari'a, kuma da yawa a rantsuwa suke ƙarewa.

Takardar ba sai lauya ya rubuta ba. Da Hausa, da boko ko ajami, ta wadatar: sunayen mutum biyun, adadin kuɗi, dalili, ranar biya, sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Wanda zai tura kuɗi ta waya ya rubuta "rance" a wurin bayani, domin shaidar turawa tana nuna kuɗi sun tafi amma ba ta nuna na mene ne. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta amince da hujjar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗanta, don haka saƙon WhatsApp da mutum ya ce "ka ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata" abin adanawa ne. Kada kuma a yi ta haƙuri babu iyaka: a kotunan majistare da Babbar Kotu, dokokin ƙayyade lokaci na jihohi suna rufe ƙofar neman bashi bayan shekara 5 ko 6, sai dai in wanda ake bi ya sake amsawa a rubuce ko ya biya wani abu.

Sulhu ma yana da matsayinsa, kuma ya fi komai arha. Ƙungiyoyin kasuwa, masu unguwanni da Hisba, wadda Kano ta kafa da doka a 2003, suna kashe wutar rigingimu masu yawa kafin su kai ko'ina. Sai dai su ba kotu ba ne, kuma abin da aka cimma a wurinsu ya dogara da cika alkawari. Cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009 ta fi su ta wannan fuska: yarjejeniyar da aka yi a can, idan alƙali ya sa mata hannu, ta zama hukuncin da za a iya zartarwa. Wanda aka tsare kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa tun 1976 tana da ofisoshi a jihohi, haka ma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana tsaya wa mata da yara.

Sauran aikin yana wuyan hukuma, kuma ba sabuwar doka ake buƙata ba. Dokar 2015 ta ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsu aƙalla sau ɗaya a wata, su duba littafin kamu, su ba da beli inda ya dace. Dokar 2020 ta ce kowane babban caji ofis ya kasance da jami'in da yake lauya don kula da haƙƙin waɗanda aka kama. Muna kira ga manyan alƙalan jihohin Arewa su tabbatar ana yin wannan ziyara wata-wata, su sa a fassara fom ɗin kotun ƙananan basussuka zuwa Hausa, a manna kuɗin shigar da ƙara a ƙofar kowace kotu, a kuma sanar da jama'a ta gidajen rediyo. Kwamishinonin 'yan sanda kuma su hukunta duk jami'in da aka samu ya tsare mutum a kan bashi.